Na jira cika-ciki, Sahabi ya shiga ruwa

Bari in fara da abin da Sahabi zai fara gaya muku idan kun girma, don kada ku ji shi daga bakinsa da ƙarin gishiri. Gaskiya ne na sayi tabarau na shiga ruwa tun ban taɓa jiƙa gwiwata a gulbi ba. A tulin gwanjo na tsince shi ranar kasuwa, na roba ne shuɗi, ido ɗaya ya ɗan tsage. Gaskiya ne kuma na ɗaura shi a goshi na ratsa layin 'yan albasa da shi, ina gaisawa da mutane kamar wanda ya fito daga ƙasan Kwara yanzun nan, har wani tsoho mai ɗinkin buhu ya tambaye ni ko walda na fara koyo. Wannan wauta ce, na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sauran labarin yadda Sahabi yake bayar da shi. Shi ya sa nake rubuta muku wannan yanzu, ina da shekara goma sha bakwai, ban yi aure ba balle in haife ku. Tsofaffi sukan jira sai haƙora sun zube kafin su rubuta tarihinsu. Ni ba zan iya jira ba, domin Sahabi ya riga ya fara yaɗa nasa, kuma bakinsa ya fi alƙalamina sauri.

Sunana Lawali, ni ne ɗan fari a gidanmu da ke bayan kasuwar Malanville. Babana ɗan kasuwa ne, albasa yake saye daga manoma yana lodawa motocin kudu, haka babansa ya yi, haka kakansa. A dangin Baba gulbi abin kallo ne daga kan gadar da ake ƙetarawa zuwa garin Gaya. Ba wanda ya iya iyo, ba kuma wanda ya taɓa jin kunyar haka. Innata kuwa 'yar masunta ce daga Garou, an ce kafin ta iya tafiya ta iya ninƙaya, amma tun da ta auri Baba ruwan randa kaɗai take taɓawa. Sai Kaka, mahaifiyar Baba, wadda take zaune a ɗakin da ke kusa da zaure tana mulkin gidan da bakinta. Sahabi ɗan ƙanwar Baba ne, wato taubashina. Daga Toumboutou aka kawo shi gidanmu don ya yi lakwal, wato makarantar boko, a gari. Da ya zo, siriri ne, shiru-shiru, yana warin shanu, kuma ranar da na fara kai shi kan gada sai da ya riƙe mini riga da ya ga faɗin ruwa. Ku riƙe wannan da kyau. Ni na nuna masa gulbin da yake taƙama da shi yau.

Abin ya fara ne a ƙarshen Disambar shekarar da nake da goma sha biyar. Kawu Garba, wan Inna, ya zo gidanmu cin tuwo. Yana da babban jirgin ruwa mai inji, wanda yake lodawa shinkafa da albasa ya gangara da shi har Yawuri ta Najeriya idan ruwa ya cika. Ni tun ina ƙarami nake jin labarin wannan tafiya, da dorinar ruwa, da tsibirai, da kifin da ake gasawa cikin jirgi, da kasuwar da ba a ganin ƙarshenta. Yawuri ita ce birnin da nake zuwa a zuci duk lokacin da mushe, wato malamin ajinmu, yake bayanin lissafi. Kawu ya wanke hannu, ya ce yaron da ke kwarfe masa ruwa da dafa abinci zai yi aure ya bar aikin, don haka a babban hutu, idan ruwa ya dawo, zai ɗauki ɗaya daga cikin yaran gidan.

Na miƙe tsaye na ce, “Kawu, ai ba sai an yi dogon zance ba. Ga ni.”

Ya dube ni daga sama har ƙasa. “Ka iya ruwa?”

“Jininku ne ga jikina.”

“Jinin ubanka ma yana nan, shi kuwa dutse ne. Ba ni saka yaro cikin jirgina sai na jehwa shi ruwa na ga ya hito da kanshi. Wuri guda ne. Wanda ya iya, shi za shi.”

Sahabi yana gefe yana suɗe kwano, bai ko ɗaga kai ba. Ban kawo shi cikin lissafi ba ko kaɗan. Kawu kawuna ne, ba nasa ba. Shi nasa kawun Baba ne, kuma abin da Baba zai iya ba mutum bai wuce buhun albasa ya ɗauka a ka ba. Washegari na sanar da duk ajinmu cewa za ni Yawuri. Har na fara karɓar saƙon tsaraba.

Saura in koyi iyo. Ni kuwa mutum ne mai tsari, ba na fara babban abu a ranar banza. Sai ga bonane ta ƙarato, ɗaya ga Janairu, ranar da mushe ya ce a duk duniya mutane suna ɗaukar ƙudurin gyara halinsu. Na ce to ga ranata. Da hantsi na tafi bakin gulbi, na cire takalmi, na saka babban yatsan ƙafa a ruwa. Ban san wanda ya zaɓi Janairu ya zama farkon shekara ba, amma na rantse bai taɓa zuwa bakin Kwara a wannan watan ba. Sanyin ya bi ta yatsan ya hau har haƙorana, na ji kamar an soka mini allura a ƙashi. Ga gulbin cike taf, baƙi wuluk, yana tafiya ba ko motsin kirki, irin tafiyar wanda ya san abin da yake yi. Na mayar da takalmina na koma gida cikin natsuwa. Ban fasa ba, lokaci ne na ga bai dace ba.

Kaka ce ta fara ganina. Tana zaune a rana tana tauna goro.

“Angona, har ka ƙetare Gaya ka komo? Ban ga ka jiƙe ba.”

Na ce mata shekarar nasara ba ta karɓe ni ba.

“Yo da ma. Alwashin bonane na masu giya ne, da sahe sun manta. Mu gidan ubana ba a ɗaukar alwashi sai ran cika-ciki. Ka ci wutsiyar rago, ka hwaɗi abin da kaka nuhi gaban manya, sabuwar shekara ta ji da kunnenta. Wanga shi ne alwashi. Sauran duk hira ce.”

Na san wannan al'ada, don kowace shekara muna yi. Idan an yanka ragon layya, Kaka takan ɗauke wutsiyar ta sa gishiri ta busar, ta rataye a ɗakinta. Idan watan farko na shekarar Musulunci ya kwana tara, sai a dafa ta a cikin miya, kowa ya ci tuwo har ya kasa tashi. A gidanmu kuma akwai ƙari, wanda Kaka ta zo da shi daga gidansu: kafin mutum ya ɗauki rabonsa na wutsiyar, sai ya faɗi abu guda da zai fara ko zai bari a shekarar. Da ban ɗauki abin da muhimmanci ba, nakan ce zan daina tsokanar akuyar maƙwabta don kawai a miƙo mini nama. Amma a ranar nan, da yatsana bai gama dawowa hayyacinsa ba, sai na ji maganar Kaka ta fi ta kowane malami hikima. Abin da ban tsaya na lissafa ba shi ne cika-cikin wannan shekara a watan Agusta zai faɗo, tsakiyar damina, gab da tashin jirgi.

Ba wai na zauna haka kawai ba ne. Na yi ta binciken lokaci kamar mai shirin yaƙi. Da sanyi ya wuce, ruwa ya fara ja da baya, yashi ya fito, yara ƙanana suna wasa a inda bai wuce cibiya ba. Na ce wannan lokacin yara ne, babba ba ya fara abu a tsakiyar masu majina. Sai azumi ya kama, a cikin zafin da ƙadangare ma yake neman inuwa. Kowa ya ce azumi ne watan gyara hali, na ce haka ne, amma na je na tambayi malaminmu na allo ko ruwan da ya wuce maƙogwaro da rana yana karya azumi. Ya ce idan mutum ya jawo wa kansa, to ya shiga matsala. Na gode masa sosai. Bayan ƙaramar salla na ce jarrabawa ta kusa, ko da yake ban ga na buɗe littafi ba. Duk wata da ya kama sai in duba shi gaba da baya in samo masa aibu. Da ni ne mai tsara kalanda, da shekarar ba ta samu wata ko ɗaya ba.

A cikin wannan tsakanin ne na lura Sahabi ya canza. Idan an tashi lakwal da yamma sai ya ɓace, ya dawo gab da magariba idanunsa ja, fatarsa fari-fari kamar an barbaɗa masa toka, yana cin tuwo kamar mutum biyu. Wata rana na ga yana karkata kai yana buga kunne da tafin hannu. Na tambaye shi, ya ce ƙuda ne. Ban yarda ba. Washegari na bi shi daga nesa, ya ratsa bayan gari ya nufi fadamar shinkafa, inda ake da babbar magudanar siminti da muke kira kanal, wadda inji yake turo mata ruwa daga gulbi. Na laɓe bayan wata bishiya. Ya ciro bido biyu, wato jarkokin mai, waɗanda ba kome a ciki, daga cikin ciyawa inda ya ɓoye su. Na ce a raina, to, da bido kowa ma kifi ne. Sai ya ajiye su a gefe, ya cire riga, ya faɗa ruwan haka nan ba kome. Ya nutse, ya ɓullo can gaba, ya juyo ya kwanta rigingine yana kallon sama kamar a kan katifar ubansa.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Kun san idan mutum ya ɓoye nama a ƙasan tuwo yana tanadinsa, ya juya ya sha ruwa, ya dawo ya tarar babu? To haka, amma naman ya kai girman jirgi. Wannan yaron da ya riƙe mini riga a kan gada, wanda a garinsu ruwan da ya fi girma shi ne kwamin shayar da shanu. Na fito daga bayan bishiyar.

“Kai, bawana. Wa ya ba ka izini?”

Tsakanin taubasai haka ake kira, kowa yana cewa ɗaya bawansa ne. Ya dafa bakin simintin yana murmushi.

“Ubangidana, ashe kai ne. Shigo mana, ruwan da ɗumi.”

“Yaushe ka hwara?”

“Na manta. Wata Talata ce, ina ji.”

“Talatar mi? Salla ce? Sabon wata ne?”

“Talata dai. An aike ni kai ma mai gadin inji abinci, na ga yara na wanka, na shiga.”

Wannan amsar ta fi iyon nasa ƙona mini rai. Ni ina nan ina auna watanni, ina tambayar malamai, shi kuwa ya ɗauki babban al'amari irin wannan ya fara shi a ranar da ko suna ba ta da shi, a hanyar aike, da kwanon abinci a hannu.

“Kuma mi za ka yi da iyo? Shanu za ka kora cikin ruwa?”

Ya ce, “Kawu ya ce wanda ya iya.”

“Kawun wa?”

“Ni dai na ji ya ce yaran gida.”

Na juya na tafi. Kafin in isa gida na gama shirya abin da zan yi, kuma har yau ina ganin dabarar ba ta da laifi, mutanen da na yi ta a kansu ne ba su da tabbas. Yaron amana ne, uwarsa ta damƙa shi a hannun Inna. Idan Inna ta ji yana shiga ruwa ba da sanin kowa ba, za ta hana shi, wataƙila ma a mayar da shi Toumboutou. Na same ta tana tsince shinkafa. Na sa fuskar tausayi, na ce ina jin tsoron abin da za mu gaya wa Gwaggo idan kanal ya cinye mata ɗa. Na ƙara da cewa na ga wani abu mai kama da kada, ko da yake itace ne.

Inna ta ajiye faifan. “Cikin kanal? Shi kaɗai?”

“Shi kaɗai, Inna. Kullum.”

“Gobe ka kai ni.”

Na kwana da farin ciki. Washegari da la'asar ta yafa mayafi, na shige gaba kamar ɗan sandan da ya gano maɓoyar ɓarawo. Muka tarar da shi a tsakiyar ruwa. Akwai mata suna wanki a gefe, da 'yan mata da suka taso daga dashen shinkafa suna wanke ƙafa, cikinsu har da biyu 'yan ajinmu. Na ce madalla, za a yi abin a gaban shaidu. Inna ta tsaya a bakin kanal ta riƙe ƙugu, ta daɗe tana kallonsa. Sahabi ya hango ta, ya rikice, ya fara neman hanyar fita.

Ta ce, “Tsaya nan. Wa ya koya maka buga ƙahwa haka kamar akuya ta hwaɗa rijiya? Miƙe su. Daga cinya aka bugawa, ba daga gwiwa ba. Sake in gani.”

Ya sake. Ta ce ya rufe yatsun hannu. Ya rufe. Ta tsuguna, ta naɗe hannun riga, tana nuna masa yadda ake jan ruwa zuwa ƙirji. Ban taɓa ganin fuskar Inna haka ba. Ta koma kamar yarinya, tana dariya, tana yi wa matan wanki bayani da yaren Dendi cewa ɗanta ne, shi ya koya wa kansa. Ɗanta. Ni ina tsaye a bayanta, wanda ta yi naƙudarsa, kamar sandar da aka kafa don ɗaure akuya.

Sai ta juyo gare ni, idanunta suna haske. “Lawali, hidda riga. Ruwan bai kai maka wuya ba nan gehe. Ga bido, ga ni, ga ɗan'uwanka. Sati biyu ka iya.”

Wannan ne wurin da Sahabi yake cewa na ji tsoro. Ƙarya ne. Na duba ruwan, kuma na rantse na so in shiga, har hannuna ya kai ga wuyan riga. Amma sai na hango yadda abin zai kasance: ni rungume da bido biyu ina haɗiyar ruwa, Sahabi yana tallafe da cikina yana cewa “yi haka, ubangidana,” 'yan matan ajinmu suna kallo, gobe kuma duk lakwal ta ji cewa mai zuwa Yawuri ɗan Toumboutou ne yake koya masa wanka. Na ji gara ruwan ya cinye ni ni kaɗai da in koya a hannunsa. Na sauke hannuna.

“Ni ba na hwara abu haka kawai kamar wasu. Sai ran cika-ciki.”

Inna ta ce, “Ran cika-ciki ruwan ga ya zama kunu. Yanzu ne lokaci.”

“Kaka ta ce alwashin da ba na cika-ciki ba hira ce.”

Dariyar ta bar fuskarta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “To,” ta juya wajen Sahabi ta ce ya gwada nutso.

Daga ranar gidan ya zame mini wurin gwaji. Idan aka dafa kifi, kan yana ƙarewa a kwanon Sahabi, wai mai shiga ruwa yana bukatar ƙarfi. Inna da shi suka samu yarensu, suna zancen igiyar ruwa da inda yake juyawa, ni ina zaune kamar baƙo. Kaka ma, da ni kaɗai take kira angonta, ta fara cewa tana tunanin sake miji, ta samu wanda zai iya fid da ita idan ambaliya ta zo. Na daina yi masa magana sai da dalili. Na ɓoye masa bidonsa, ko da yake na san ya riga ya daina amfani da su. Na gaya wa 'yan ajinmu cewa iyon kanal ba iyo ba ne, kamar mutum ya iya tuƙa keke ne a tsakar gida. Idan na ga ya dawo da jajayen idanu sai in yi addu'a a zuci Allah ya sa mura ce. Bai ko yi atishawa ba duk daminar.

Aka yi layya, Kaka ta rataye wutsiya. Ruwan sama ya sauka sosai. Cika-ciki ya zo, aka dafa tuwo tukunya biyu, muka zauna a tsakar gida da yamma, Kaka ta sa kwanon wutsiyar a gabanta tana rabawa. Baba ya ce zai rage faɗa da direbobi. Inna ta ce za ta riƙa zuwa Garou gaida dangi. Sahabi ya ce zai dage da lissafi, munafuki, kamar ba shi da wani buri a duniya. Da aka zo kaina na miƙe, na gyara murya, na ce a wannan shekara ni Lawali zan koyi iyo, in shiga jirgin kawuna, in tafi Yawuri. Na danna kalmar “kawuna” yadda kowa zai ji. Aka ce Allah ya ba da iko. Sai Kaka ta ɗauki nata rabon, ta ce ita kuma bana za ta bar goro.

Wani abu ya faɗo mini a rai. Na ce, “Kaka, bara mi kika ce?”

“Goro.”

“Bara waccan hwa?”

“Goro mana. Tun ubanka na goye nika hwaɗin haka.”

“Kuma ba ki bari ba.”

Ta kwance bakin zane, ta ciro rabin goro, ta ɓantara. “Angona, ai in na bari, baɗi mi zan ce a ba ni nama?”

Kowa ya yi dariya har Baba ya ƙware. Ni kaɗai ban yi ba. A kan maganar wannan matar na jingina Yawuri tun watan Janairu.

Da safe na tafi kanal ni kaɗai da bidon da na ɓoye. Inna ta yi gaskiya. An kashe inji saboda ruwan sama ya wadata, abin da ya rage a ciki jan taɓo ne da kwaɗi. Na gangara gulbi, na tarar ya zama ja kamar an dama ƙasa, yana gudu da rassan itace da ciyawa, wuraren da yara suke wasa da rani duk sun nutse. Na samu wani ɗan lungu kusa da masu wankin moto, na riƙa zuwa ina rungumar bido ina buga ƙafa. Na koyi abu biyu: yadda ake shan ruwa ta hanci, da yadda bido yake kuɓucewa ya bar mutum. Da zan nemi Inna da ta zo, na sani. Ban nema ba, don kada Sahabi ya ji.

Ba a yi sati biyu ba Kawu ya aiko a kawo yara tashar jirage. Babban jirgin yana nan ana loda masa buhuna. Ya sa mu a ƙaramin kwalekwale, ya tuƙa mu nesa da gaɓa kamar tsawon filin ƙwallo, ya ɗaura wa kowannenmu igiya a ƙugu. Masu lodi suka dakata suna kallo. Inna tana tsaye a kan tudu.

Kawu ya ce, “Wa za ya hwara?”

Sahabi ya matso kusa da kunnena ya ce a hankali, “Lawali, in kana so in ce cikina na ciwo. Sai a ɗaga zuwa wani sati.”

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce, “Riƙe cikinka,” na miƙe na faɗa ruwan kafin kowa.

Ina so ku rubuta wannan a zuciyarku: ubanku ne ya fara tsalle. Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Na buga hannu, na buga ƙafa daga cinya kamar yadda na ji Inna ta faɗa, na rufe yatsu, na yi duk abin da ake yi, amma gulbin bai san da wannan yarjejeniya ba. Na ga ja, na ga duhu, na sha ruwan da na tabbata mutanen Gaya sun ga gulbi ya ragu a ranar. Sai na ji igiya ta shaƙe ni a ciki, Kawu yana jawo ni hannu bayan hannu, ya kama wandona ya jefa ni cikin kwalekwale kamar ragon ruwa. Ina kwance ina amai, na ji faɗawar Sahabi. Ban ɗaga kai ba. Tafin masu lodi ne ya gaya mini ya isa gaɓa.

Kawu ya bubbuga mini baya. “Zuciya kam akwai. Wa ya koya maka?”

“Ba kowa.”

“Ya nuna. Uwarka na gida, duk Garou ba macen da ta kai ta ruwa, kai kuma ka tahi kana kokawa da bido. Mi kaka jira tun rani?”

Na ce lokaci nake jira. Ya ce wane lokaci. Na buɗe baki in yi masa bayanin bonane da azumi da wutsiyar rago, sai wani ruwan ya taso mini, na sunkuya na ƙarasa amayar da shi.

Ranar da jirgin zai tashi na ce ba ni da lafiya. Inna ta shigo ɗaki ta ce in tashi in ɗauki jakar ɗan'uwana in raka shi, ba a yin haka a gidanta. Na ɗauka. Da muka isa ya tambaye ni abin da nake so ya kawo mini. Na ce ya kawo kansa da rai, don idan dorina ta cinye shi ni za a ce na yi masa baki. Ya yi dariya ya hau. Na tsaya har inji ya tashi, na ga ya sunkuya ya fara kwarfe ruwa da wani yankakken bido, a wurin da na riga na gaya wa duk ajinmu nawa ne.

Ya dawo kafin a koma lakwal, ya yi baƙi, ya yi ƙwanji, yana jefa kalmomin Najeriya a magana. Kawu ya ce bai taɓa samun yaro mai hankalinsa ba, kuma tun daga nan duk babban hutu shi yake ɗauka, ba a sake maganar gwaji ba. Ni na koyi iyo da ranin da ya biyo baya, a kanal, Inna tana ba da umarni daga sama, Sahabi yana tallafe da cikina. Yanzu na fi shi nutso, ko ya musa. Yawuri kuwa har yau ban je ba.